Waiwaye: Yadda Gyaran Gidan Gonar Whitney Ya Tono Sunayen Bayi

A gaɓar Kogin Misisifi da ke jihar Luwiziyana ta Amurka, akwai manyan gidajen gona da aka gina kafin yaƙin basasar 1861 zuwa 1865. An daɗe ana gyara su domin masu yawon buɗe ido, a nuna musu barandar bene da gadon uwargida, ba tare da an ce uffan ba game da bayin da guminsu ya tsayar da ginin. Gidan gonar Whitney ne ya sauya wannan al'ada.

Wani Bajamushe mai suna Ambroise Heidel ne ya kafa gonar a 1752 yana noman baba, kafin zuri'arsa su koma noman rake wajen 1800. Sunan Whitney bai zo ba sai a 1867, lokacin da wani ɗan kasuwa mai suna Bradish Johnson ya saye ta ya raɗa mata sunan jikansa.

A 1999 lauya John Cummings na birnin New Orleans ya sayi wurin, ya shafe shekara 15 yana aikin mayar da shi gidan tarihin bauta, ya kashe fiye da dala miliyan 8 daga aljihunsa. Babban gidan yana nan tsaye, don haka gyaransa aikin magina ne da kafintoci. Inda gizo ke saƙar shi ne ɗakunan bayi, domin an rushe yawancinsu a shekarun 1970, har sai da aka ɗauko wasu irinsu daga wata gona aka kafa.

A ganina, aikin da ya fi nauyi shi ne wanda Ibrahima Seck, masanin tarihi ɗan ƙasar Senegal, ya jagoranta a cikin tsofaffin takardun rabon gado da na ciniki, waɗanda da yawansu da Faransanci aka rubuta. A irin wannan takarda, za a ga sunan mutum da shekarunsa da ƙabilarsa da farashinsa, an jera shi tare da dawaki da kayan noma, tamkar ba ɗan Adam ba. Abin da aka rubuta domin ƙirga dukiya shi ne ya zama shaidar cewa mutumin ya taɓa rayuwa. Ya kamata mai karatu ya sani cewa a kundin bayin Luwiziyana da masaniyar tarihi Gwendolyn Midlo Hall ta tattara, akwai waɗanda aka rubuta ƙabilarsu Hausa, tare da Fulani da Yarabawa.

Da aka buɗe wurin a Disambar 2014, an riga an zana sunayen bayin gonar fiye da 350 a jikin bangon dutse. Can gefe kuma akwai filin tunawa da yara 2,200 'ya'yan bayi da suka rasu a gundumar da gonar take, waɗanda aka samo sunayensu daga rajistar coci, wasunsu ko yaye su ba a yi ba.