Goldpanners ta Alaska: ƙungiyar da ke wasa da hasken ranar tsakar dare

Besbol wasa ne na Amurkawa: ɗaya ya jefo ƙwallo, ɗaya ya maka mata kulki, sannan ya ruga ya zagaye tasha huɗu kafin a fitar da shi daga wasa. Manyan ƙungiyoyinsa na biyan miliyoyin daloli. Amma wadda ta fi kwanta mini a rai ba ta biyan ɗan wasa albashi, kuma tana can ƙuryar arewa, inda sanyi ke daskarar da hawaye.

Wace ƙungiya ce, kuma a ina take?

Sunanta Alaska Goldpanners, a garin Fairbanks da ke tsakiyar jihar Alaska. Mutanen garin ba su fi dubu talatin da ɗoriya ba, kuma da hunturu sanyi kan kai digiri 40 ƙasa da sifiri. Ma'anar sunan ita ce masu wankin zinare da faranti, domin zinare ne ya kafa garin: a 1902 wani ɗan asalin Italiya, Felix Pedro, ya gano shi a rafukan da ke kusa, jama'a suka yi ta tururuwa.

Wa ya kafa ta?

Wani tsohon sojan ruwa mai shagon kayan wasanni, Red Boucher, a 1960. Da farko da 'yan gari ya fara. Da ya ga suna son karawa da manya, sai ya shiga gayyato ɗaliban jami'o'i daga sauran jihohi su zo su yi hutun bazara suna wasa. A 1962 suka je gasar ƙasa ta ƙungiyoyin da ba na ƙwararru ba a Wichita, jihar Kansas, suka zo na biyu. Daga baya Boucher ya zama magajin garin Fairbanks, a 1970 kuma mataimakin gwamnan Alaska.

In ba a biyan su, me ke kai yara wannan uwa duniya?

Dokar wasannin jami'a ce ta hana ɗalibi karɓar kuɗin wasa, don haka ba neman kuɗi ke kai su ba. Suna zuwa ne su goge, su kuma shiga idon masu farautar 'yan wasa. Masauki kuwa a gidajen mutanen gari ne. Iyali za su ɗauki yaron da ba su taɓa gani ba, su ba shi ɗaki, su ci tukunya ɗaya da shi wata biyu, da yamma su tafi fili su yi masa tafi kamar ɗansu na cikinsu. A shekarun baya ma har aikin rana ake samar musu don kuɗin kashewa. A ganina wannan ne ƙashin bayan ƙungiyar. Kofi yakan zo ya tafi, amma da matan garin sun gaji da girka wa baƙi abinci, da tuni an rufe fili.

Kuma gogewar ta biya. Sama da 200 daga cikin waɗanda suka sa rigarta sun kai babbar gasar ƙwararru. Tom Seaver ya zo a 1964, lokacin da kociyan Jami'ar Kudancin Kalifoniya ke shakkar ba shi gurbin karatu kyauta, ya ce ya je Alaska ya nuna kansa tukuna. Ya nuna, ya samu gurbin, ya zama ɗaya daga cikin gwanayen jifa na tarihi. Dave Winfield ya biyo a farkon shekarun 1970, Barry Bonds a 1983.

Sun ci kofi kuwa?

Sau shida a Wichita: 1972, 1973, 1974, 1976, 1980 da 2002.

To mene ne wasan tsakar dare?

Shi ya fi kofunan suna. Fairbanks na can arewacin duniya sosai, don haka a tsakiyar bazara, wajen 21 ga Yuni, rana takan kwashe kusan awa 22 a sama. Sai kusan ƙarfe ɗaya saura na dare take faɗuwa, kafin uku ta sake ɓullowa, abin da ke tsakani kuma bai wuce duhun magariba ba. A wannan daren ake fara wasa bayan ƙarfe goma a filin Growden, a ƙetare sha biyu ana bugawa, ba tare da an kunna fitila ko ɗaya ba. Idan sha biyu ta gabato akan dakata, 'yan kallo su miƙe su rera taken jihar Alaska, sannan a ci gaba.

Al'adar ta girmi ƙungiyar nesa ba kusa ba. Tun 1906 'yan gari ke yin wasan, shekara huɗu kacal bayan gano zinare. Goldpanners ta gaje shi ne a 1960.

Da gaske ana ganin ƙwallo a wannan lokaci?

In sama ta yi garau, ana gani. In hadari ya haɗu, sai mai kulki ya zage ido, ga ƙwallo na tahowa da gudun da ya fi na mota a babban titi. Baƙi sun sha ƙorafi. A 1984 'yan wasan Taiwan suka ce duhu ya yi yawa, suka ƙi ci gaba, aka ba Goldpanners nasara. Ba na ganin laifin baƙin, ƙwallon na da tauri kamar dutse. Amma ina bayan 'yan garin da suka ƙi taɓa makunnin fitila, domin ranar da aka kunna ta, wasan ya zama irin wanda ake yi ko'ina.

Tsofaffin 'yan wasa na dawowa?

Suna dawowa, wasu ma da rigar wasa. Bill Lee ya yi wa ƙungiyar jifa yana saurayi a shekarun 1960, ya tafi ya yi suna a ƙungiyar ƙwararru ta Boston Red Sox. A 2008, yana da shekara 61, ya koma Fairbanks ya tsaya jifa a wasan tsakar dare tare da yaran da ya isa ya haifi iyayensu, kuma Goldpanners ce ta yi nasara a daren.