Ruwan siliniyom da maganar ɗaurin shekara 10 a Saudiyya

Saƙon da ke yawo a WhatsApp tsakanin 'yan'uwanmu masu wankin hoto a Jidda da Makka, wai duk wanda aka samu da ruwan siliniyom (sinadarin da ake tsoma hoto a ciki bayan an wanke shi) zai sha ɗaurin shekara 10, ba haka doka ta ce ba. Tsorona kada fargaba ta sa wani ya juye kwalbarsa a kwata cikin dare, wanda shi ne ainihin abin da ake hanawa.

Dokar ita ce ta kula da shara, wadda aka fitar a 2021, kuma cibiyar kula da shara ta ƙasar Saudiyya, MWAN, ke lura da ita. Ta shafi duk mai samar da shara, daga masana'anta har mai ɗan ɗakin duhu.

Ɗaurin shekara 10 da tarar riyal miliyan 30 suna ciki, gaskiya ne. Amma wannan shi ne iyakar hukunci, ba a can ake farawa ba, kuma ana iya yanke ɗaya daga cikin biyun. Wanda ake nufi shi ne mai ajiye shara, ko ƙona ta, ko zubar da ita ta hanyar da za ta cutar da lafiyar jama'a ko muhalli. Kwalbar da kake aiki da ita ba ta zama shara ba tukuna. Sai ranar da ka gama da ruwan maganar za ta hau kanka.

Kada kuma a ce ruwan ba shi da illa. Siliniyom yana haɗuwa da azurfar hoto ya ƙara wa baƙi zurfi, hoton ya daɗe bai koɗe ba, shi ya sa masu wankin hoto ke son sa. Amma guba ne ga mutum da kifi. Sa safar roba, buɗe taga saboda warin amoniya, kada ka bari ya haɗu da asid, domin iska mai guba yake fitarwa. Ana tace shi a sake amfani da shi sau da yawa. Ruwan da ya gama aiki a zuba a jarka, a rufe, a rubuta sunansa, a miƙa wa masu lasisin kwashe shara mai haɗari.

A nan ne nake ganin an bar ƙaramin mai sana'a a baya. Kamfanonin nan sun fi sabawa da asibitoci da masana'antu, mai lita biyu zai sha yawo kafin a saurare shi. Shawarata masu wankin hoto na unguwa ɗaya su tara nasu wuri guda, su kira kamfani tare.