Buga Babban Hoto a Kan Takardu Masu Yawa

Buga babban hoto a kan takardu masu yawa dabara ce ta raba zane, taswira ko fasta zuwa yanki-yanki, a buga kowane yanki a takardarsa, sannan a manne su har su koma hoto guda. Ana yin haka ne idan girman hoton ya wuce abin da injin bugu zai iya ɗauka.

Tarihi

Dabarar ta girmi kwamfuta da ɗaruruwan shekaru. A zamanin da Turawa ke sassaƙa zane a jikin katako su shafa tawada su danna a takarda, faɗin takardar da ake yi da hannu shi ne iyakar mai zane, don haka duk mai son babban aiki sai ya rarraba shi. A shekarar 1500 aka fitar da hoton birnin Benis na Italiya, aikin Jacopo de' Barbari, da katako 6 a kan takardu 6, faɗinsa kusan mita 2.8. A 1507 kuma Martin Waldseemüller ya buga taswirar duniya a kan takardu 12, wadda ita ce taswirar farko da aka rubuta sunan nahiyar Amurka a kanta. Kwafi ɗaya tak aka sani ya rage, yana ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka, kuma ba abin mamaki ba ne, domin takardar da aka liƙa a bango ba ta jure laima da hayaƙi.

Aikin da ya fi shahara shi ne hoton Ƙofar Nasara, wadda mai zane Bajamushe Albrecht Dürer da mataimakansa suka zana wa Sarki Maximilian na Ɗaya na Daular Rum Mai Tsarki. Tana ɗauke da shekarar 1515, amma ana ganin bugun farko ya fito ne wajen 1517 zuwa 1518. Takardu 36 ne, tsawonta ya kai kimanin mita 3.5, kuma duk layin da ya tsallaka daga wata takarda zuwa wata dole ya haɗu da ɗan'uwansa, abin da ke nuna gwanintar masassaƙan. Game da yawan katakon, wasu sun ce 192, wasu 195.

Daga baya allunan talla na Amurka sun daɗe suna amfani da fasta mai takardu 24.

Yadda ake yi

Takardar A4 tana da milimita 210 a faɗi da 297 a tsawo, kuma guda 16 ke cika girman A0, wato murabba'in mita ɗaya. Manhajoji irin su Adobe Acrobat Reader suna yanka hoton da kansu, su sa alamar wurin yanka. Da yake yawancin firintoci suna barin farin gefe, akan bar ɗan rara domin kowace takarda ta hau kan maƙwabciyarta, a yanke gefe ɗaya da reza kafin a shafa gam. Hoton da ba shi da kaifi yakan dushe idan aka faɗaɗa shi.

Amfani a yau

A yau akan kai manyan hotunan talla wurin masu buga fileks, wato leda mai kauri da ake buga hoto a kanta, sai dai malaman makaranta da ɗalibai har yanzu sukan haɗa taswira ko jadawalin aji ta wannan hanya a shagunan kwamfuta.