Ba ƙaddara kaɗai ta ci Odewale ba

Duk shekara sai ka ga ɗalibai sun rubuta a jarabawar adabi wai Odewale na wasan kwaikwayon Ola Rotimi, The Gods Are Not to Blame, ƙaddara ce kawai ta faɗa masa, bawan Allah ba shi da laifi. Haba jama'a, ku sake buɗe littafin mana.

Eh gaskiya ne tun yana jariri boka Baba Fakunle ya ce zai kashe ubansa ya auri uwarsa, kuma hakan aka yi. Amma wa ya sa shi kashe Sarki Adetusa, ubansa da bai sani ba, a gonar nan ta garin Ede? Tsohon ya yi wa ƙabilarsa ba'a ne, shi kuwa gogan zuciya ta ɗebe shi ya sare shi, alhali ƙabilar da yake haƙilo a kanta ma ba tasa ba ce. Ola Rotimi ya fara nuna wasan a 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa, ai da gangan ya cusa ƙabilanci cikin labarin Oedipus na Sophocles, tsohon wasan Girka da ya gina nasa a kai.

Sannan girman kan sarauta, da annoba ta shigo Kutuje, garin da ya zama sarki, shi da bakinsa ya rantse sai ya hukunta wanda ya kashe Adetusa, mu masu kallo mun san shi ne, ya zagi Baba Fakunle, ya kori Aderopo ɗan Adetusa wai sarauta yake hari. Wannan duk in ba ka sa su a amsarka ba to maki ya tafi, malamin da ke makin ba zai tausaya maka ba.