Hawan keken dutse a dazukan Asir: tambayoyi da amsoshi

Samarinmu na Jidda da suka saba zagaya bakin teku da keke bayan la'asar sun fara sha'awar tsaunukan Asir da ke kudancin Saudiyya, inda ake bin siririyar turba cikin daji har bakin ruwa. Ga amsoshin tambayoyin da suka fi yawo a bakinsu.

Wane irin hawan keke ne wannan?

Shi ne ka bar kwalta ka kama turbar ƙasa mai hawa da gangara, ga duwatsu ga saiwoyin itatuwa, kuma babu motar da za ta kai ka sama, ƙafarka ce za ta yi aikin. A Kalifoniya ta Amurka wasan ya faro a shekarun 1970, ya shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996. 'Yan gasa kan yi ta zagaya fili guda na kusan awa ɗaya da rabi, jama'a na kallo, likita na gefe. Mu kuwa doguwar tafiya muke magana, a wurin da ba kowa.

Malam, a Saudiyya ina daji, balle tafki?

Wanda bai taɓa wuce Ɗa'if ba dole ya yi wannan tambaya. Abha, babban birnin Asir, na bisa tudu mai tsayin mita 2,200 ko fiye, dutsen Sauda da ke kusa da shi ya kai kusan mita 3,000, kuma itacen da Larabawa ke kira ar'ar ya lulluɓe gangarensa. A yankin Baha da ke maƙwabtaka da Asir akwai dajin Ragadan.

Tafki kuwa, tunda ƙasar ba ta da kogi mai gudu duk shekara, yawanci ruwan madatsa ne, kamar na Abha ko na madatsar Sarki Fahad a Bisha. Wannan ya sa gaɓar ruwan ba ta zama wuri ɗaya. In an yi ruwan sama sai ya cinye turbar da aka bi makon jiya. In ya ja baya sai ya bar laka mai busasshen ɓawo a sama, ka ga kamar ƙasa ce mai ƙwari, tayar gaba na hawa ta lume, kai kuma ka tuntsura ta saman kan keke. Ka bi inda ciyawa ta tsiro ko inda tsakuwa take. Wanka a madatsa kuma ba a ma fara shi.

Keken da nake zuwa masallaci da shi ba zai yi ba?

Zai kai ka bakin dajin, daga nan sai turawa. Keken dutse na da faffaɗar taya mai haƙora, yawanci inci 29, da shokozoba a gaba mai lotsawa kamar milimita 100 zuwa 120, da birki mai faifai, da giya mai sauƙi ta hawa. Mai shokozoba gaba da baya ya fi daɗi a kan duwatsu, amma ya fi tsada da wuyar gyara. A ganina ɗan koyo ya sayi mai na gaba kaɗai, ragowar kuɗin ya sa a hular kwano mai kyau da safar hannu.

Kada a cika wa taya iska kamar ta kwalta. In ta yi tauri tsalle za ta riƙa yi a kan tsakuwa, ba ta kama ƙasa. A gangara kuma a ɗaga daga sirdi, a ja jiki baya kaɗan, a matsa birki biyun a hankali. Mai damƙe na gaba farat ɗaya, haɓarsa ce za ta ba da labari.

Ƙaya fa?

Ba ta da magani sai shiri. Yanzu an fi amfani da taya marar tub, wadda ake zuba wa wani ruwa mai kauri a ciki, da ƙaya ta huda sai ya toshe wurin ana cikin tafiya. Duk da haka a riƙe tub guda, da famfo, da kayan faci, da ɗan mahaɗin sarƙa. A koyi amfani da su a tsakar gida tukuna.

Ina da ƙarfi, me zai sa in gaji?

Tsayin wurin. A mita 3,000 iskar da kake shaƙa a numfashi guda ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100 idan aka kwatanta da Jidda. Sai ka ga ƙato yana haki a hawan da bai kai ya kawo ba, kai na sara masa. A kwana a Abha kafin a fita, a fara da gajeriyar turba. Sanyin wurin kuma yana ruɗi, ba ka jin ƙishi alhali jiki na bushewa, don haka a riƙa kurɓar ruwa tun ba a nema ba.

Mene ne haɗarin da ya fi girma?

Nisa da mutane. Faɗuwar da a cikin gari awa guda ta isa an ɗaure maka hannu, a can sai ta zama kwanan daji. Waya kan rasa sabis a cikin kwari, hazo kan sauko da rana tsaka har ka kasa ganin na gabanka, ruwan da aka yi a wani tsauni da ba ka ma gani ba kan cika kwari cikin ɗan lokaci. Saboda haka ba a fita mutum ɗaya. Uku ya fi: in ɗaya ya ji ciwo, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya nemo taimako. A sanar da na gida turbar da za a bi da lokacin dawowa, a sauke taswira a waya tun akwai intanet, a riƙe fitila da rigar sanyi. Lambar motar asibiti 997 ce. In hadari ya haɗu, a juya.

Akwai abin da za a kiyaye a dajin?

Birai na nan garke-garke, kuma sun san leda. Kada a ba su abinci, kada a buɗe jaka a gabansu. Sare itace laifi ne, haka hura wuta a inda ba a ware ba, kuma ana cin tara. In turba ta ratsa gonar tudu ko wurin amya, a sauka a yi wa mai wurin sallama, a nemi izini kafin a wuce.