Mene ne "lad lit", adabin ƙattin da suka ƙi girma?

Duk inda masu karatun littattafan Ingilishi suka zauna musu a kan labaran maza da soyayya, da wuya a tashi ba a ambaci "lad lit" ba. Kalmar ta yi tashe ne a Ingila daga shekarun 1990, kuma guntaye biyu aka haɗa. "Lad" a bakin mutanen Ingila saurayi ne, amma irin ɗan majalisar nan da bai san komai ba sai ƙwallo da kiɗa da raha da abokai, wanda bai ɗauki nauyin kowa ba. "Lit" kuwa gajarta kalmar adabi ce. Mai gaggawa zai ce adabin samari ke nan, sai dai hakan na iya ɓatar da mutum, domin gwarzon irin wannan labari ya daɗe da wuce samartaka. Ya haura talatin, yana da ɗan abin yi, amma hankalinsa na nan inda ya baro shi tun yana ɗan shekara goma sha bakwai. Tuzuru ya fi kusa da shi, ko da yake matsalarsa ta wuce rashin aure: tsoron ɗaukar alkawari ne ke cin sa.

Yanayin da ya haifi kalmar sananne ne. A 1994 aka fara buga mujallar Loaded a Landan, wadda ta mayar da shiriritar samari abin alfahari. A 1996 labarin Bridget Jones na Helen Fielding ya fito ya yi kasuwa, aka riƙa kiran irinsa "chick lit", wato labaran 'yan mata masu aiki da neman miji a birni. Masu buga littattafai suka ga ai na maza ma yana bukatar suna, sai suka yi masa tagwai. Tun asali dai laƙabi ne na kanti, don a san layin da za a jera littafi, kuma akwai ɗan raini a cikinsa. Mu ma mun san irin wannan, tun da haka aka yi wa littattafan soyayyarmu da aka kira su adabin kasuwar Kano, sunan ya bi mai kyau da marar kyau ya rufe su da bargo ɗaya.

Littafin da kowa ke nunawa idan an ce a kawo misali shi ne High Fidelity na Nick Hornby, wanda ya fito a 1995. Sunan kansa harshen damo gare shi. Ga masu kayan sauti, yana nufin na'urar da ke fitar da kiɗa tsaf yadda aka ɗauke shi, ba ƙari ba ragi. A fagen soyayya kuma kalmar tana nufin riƙon amana. Gwarzon labarin ya ƙware a na farko, ya faɗi warwas a na biyu.

Sunansa Rob Fleming, ɗan shekara 35, mai shagon sayar da faifan garmaho a unguwar Holloway da ke arewacin Landan, shagon da ciniki ya guje shi. Budurwarsa Laura, wadda lauya ce, ta kwashe kayanta ta bar shi. Abin da ya fara yi shi ne zama ya lissafa rabuwa biyar da suka fi ƙona masa rai tun yana makaranta, don ya nuna wa Laura cewa ita ba ta ma shiga jerin ba. Lissafin biyar-biyar ɗin nan shi ne abincinsu a shago, shi da yaran shagonsa biyu, Dick mai kunya da Barry mai baki: waƙoƙi biyar mafi daɗi, fina-finai biyar, komai biyar. Akwai ranar da wani dattijo ya shigo neman wata waƙar soyayya da zai bayar kyauta, Barry ya kore shi da baƙar magana don kawai waƙar ba ta kai matsayin da suke so ba. Da baƙin ciki ya ishi Rob, sai ya sauke faya-fayansa duka a tsakar ɗaki ya sake jera su bisa lokacin da ya sayi kowanne, yadda zai iya bin tarihin rayuwarsa da yatsa. Wannan wurin ya daɗe a raina. Mutum ne da zai iya kwana yana tsara faifai, amma ba zai iya zama minti goma ya saurari matar da ke zaune da shi ba.

Daga nan za a gane siffofin "lad lit". Namiji ne ke ba da labarin da bakinsa, yana tona asirin kansa cikin barkwanci. Yana da wani abu da ya ɗauka kamar addini, kiɗa ko ƙwallo (littafin Hornby na 1992 a kan son da yake wa ƙungiyar Arsenal ne), kuma a bayan abin nan yake ɓuya idan maganar zuciya ta taso. Rob da abokansa sun yi imani cewa abin da mutum ke so ya ji ko ya kalla ya fi halinsa muhimmanci. Labarin kan ƙare ne da gwarzon ya ɗan matsa taki ɗaya zuwa ga hankali.

Inda maganar ta fi daɗi shi ne yadda masu karatu suka karɓi littafin, domin sun rabu, kuma har yau ba su haɗu ba. Maza da yawa sun karanta suna dariya suna jin kunya lokaci ɗaya, kamar wanda aka ɗaga masa madubi ba shiri. Sun ga kishinsu marar tushe, da yadda suke auna kansu da tsohon saurayin budurwa, da yadda sukan fi damuwa da wanda ya fara cewa a rabu fiye da abin da ya jawo rabuwar. Mata da dama kuma sun ɗauke shi kamar an buɗe musu tagar majalisar maza, suna jin abin da ake faɗi idan ba sa nan. Wasu abin ya ba su dariya, wasu ya tayar musu da hankali.

Rukuni na uku ya ƙaru ne da shekaru suka ja. Su ne waɗanda suka so littafin suna da ƙuruciya, suka dawo gare shi da furfura suka tarar Rob mai son kai ne. Kuma suna da hujja a cikin littafin kansa. Sai an yi nisa mai karatu ya gama tausaya masa, sannan Rob ya fito da abin da ya yi wa Laura: ya ci amanarta tana da ciki, abin da ya taimaka wajen sa ta zubar da cikin, ya ci bashin kuɗinta bai biya ba, ya kuma faɗa mata cewa idonsa na waje. Da ya bi tsofaffin 'yan matansa ɗaya bayan ɗaya don ya ji dalilin da ya sa ake barin sa, wata mai suna Penny ta tuna masa cewa shi ne ya yar da ita don ta ƙi ba shi haɗin kai suna makaranta, ta kuma faɗa masa irin raunin da hakan ya bar mata. Rob ya tashi daga wurin da sanyin zuciya, wai ashe ba shi aka ƙi ba. Laifi tudu ne, ya taka nasa yana hango na wasu.

A nan ne nake da ra'ayi, kuma ina riƙe da shi da gaske. Masu cewa littafin yana wanke Rob ba su yi masa adalci ba, domin marubucin ne da hannunsa ya ajiye waɗannan laifuffuka a inda ba za a iya tsallake su ba. Amma masu cewa barkwanci ne kawai su ma sun gajarta. Dariyar tana da haɗari: tana sa ka so mutumin kafin ka san abin da ya aikata, kuma namijin da ya ga kansa a cikin Rob yana iya rufe littafin da jin cewa tun da ya amsa laifinsa cikin raha, magana ta ƙare. Yawancin littattafan da suka biyo baya da wannan laƙabi sun kwafi rahar suka bar tuhumar, shi ya sa kalmar ta zama kusan zagi a bakin masu sharhi.

Labarin ya yi ƙaura sau biyu. A 2000 Stephen Frears ya mayar da shi fim, aka kai shi Chicago ta Amurka, John Cusack ya fito a Rob. A 2020 kamfanin Hulu ya yi shi mai dogon zango a unguwar Brooklyn ta New York, aka mayar da Rob mace, Zoë Kravitz ta hau matsayin, aka tsayar da shi bayan zango ɗaya. Wannan sauyin ya jefa tambaya ga kalmar kanta, domin idan mace za ta iya ɗaukar halin Rob ya zauna mata daidai, to ɓuya a bayan kiɗa da gudun alkawari ba gadon maza ba ne su kaɗai.

A ƙarshen littafin Laura ta dawo bayan rasuwar mahaifinta, da gajiya fiye da zumuɗi. Rob, wanda ya saba haɗa wa mata kaset na waƙoƙin da shi yake ganin ya kamata su so, ya fara tsara wani kaset a ransa na waƙoƙin da Laura ta sani kuma take so. Wasu masu karatu suna ganin wannan ya isa shaida cewa mutumin ya fara girma. Wasu kuma suna tambayar ko kaset ɗaya zai biya abin da Laura ta sha, kuma ni ina tare da su a wannan tambayar.