Tattaruwar Mallakar Kafafen Watsa Labarai da Tasirinta ga Shirye-shiryen Nishaɗi

Tattaruwar mallaka ita ce komawar gidajen rediyo, talabijin da kamfanonin fina-finai hannun 'yan tsirarun masu shi, ta hanyar saye, haɗewa ko dokar gwamnati. Ba a auna ta da yawan tashoshi. Ana duba yawan waɗanda ke da ikon cewa a yi shiri ko a bari, domin tashoshi ashirin na mutum ɗaya ƙofa ɗaya ce ga marubuci.

Fitaccen misali shi ne kamfanin Disney na Amurka, wanda ya sayi Pixar a 2006, Marvel a 2009, Lucasfilm a 2012, sannan mafi yawan kadarorin 21st Century Fox a 2019 kan dala biliyan 71.3. A fagen rediyo, dokar sadarwa ta Amurka ta 1996 ta ɗage iyakar yawan tashoshin da kamfani zai mallaka a faɗin ƙasar, har kamfanin Clear Channel ya tara sama da tashoshi 1,200.

Illar ga sabon tunani tana biyo ta hanyar kuɗi. Kamfanin da ya ci bashi ya sayi wani sai ya biya, don haka yakan guji labarin da ba a gwada ba, ya koma wa wanda ya taɓa kawo riba: kashi na biyu, na uku, ko sabunta tsohon fim. Na biyu, ana rage ma'aikata, a riƙa tsara jerin waƙoƙi da shirye-shirye daga hedikwata a tura wa rassa, sai mawaƙin gari ya rasa gurbi. Akwai kuma kwantiragi. Idan masu saye kaɗan ne, furodusa yakan sayar da haƙƙin mallakar aikinsa gaba ɗaya, ba shi da jarin gwada wani abu daban gobe.

A Kaduna, tattaruwar farko ta gwamnati ce. An kafa gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa, BCNN, a 1962. Gwamnatin soja ta mayar da talabijin ƙarƙashin NTA a 1977, ɓangaren rediyo kuma ya shiga Rediyon Tarayya a 1978. Duk da haka Kaduna ta ci gaba da fitar da wasanni masu ɗanɗanon gida, irin Samanja na marigayi Usman Baba Pategi, saboda a nan ake tsara su, a nan ake ɗauka. Wannan na nuna inda ake yanke shawara ya fi sunan mai shi tasiri. Dokar soja mai lamba 38 ta 1992 ta kafa hukumar kula da kafafen watsa labarai ta ƙasa, NBC, ta kuma buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa, aka samu tashoshi masu zaman kansu a Kaduna kamar DITV, daga baya Liberty da reshen Freedom Radio.

Matsin da masu fim ɗin Hausa ke ciki yau na kasuwa ne. Da faifan CD ya mutu, ɗimbin 'yan kasuwar da ke sayen fim sun watse, aka koma ga tashoshi kaɗan kamar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da Africa Magic Hausa ta MultiChoice, kamfanin da Canal+ na Faransa ya karɓi ragamarsa a 2025. Waɗannan tashoshi sun ɗaga ingancin hoto da sauti, wannan ba a musu. YouTube kuwa kowa na iya ɗora aikinsa, amma shi ma kamfani ɗaya ne, kuma tsarinsa na tallata abin da ke riƙe mai kallo. Shi ya sa fim mai dogon zango ya mamaye fage, kuma da zarar wani jigo ya karɓu, sai a ga furodusoshi da dama sun bi sahu cikin 'yan watanni.